Kawu Ya Daina Taka Keke

2 ga Maris

Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da aiki da kunnen nan naka da ya ƙi jin magana. Ni lafiya ƙalau, sai ɗan mura da ya riƙe ni kwana uku ya sake ni. Na kira wayarka sau biyar a makon nan. Na san tana cikin aljihun teburin zare a kashe, shi ya sa na haƙura na koma takarda yadda kake so. Dogon Direba ya ce zai riƙa kai maka yana kawo min amsa.

Albishirinka, na samu aiki! Na gwaji ne, wata shida, in na yi kyau a riƙe ni. Wani Farfesa ne yake bincike a kan abin da dogon zama yake yi wa jikin mutum: zuciya, sukari, jijiyoyin ƙafa. Ni aikina in nemo mutane, in karɓi bayanansu, in shigar a kwamfuta. Ma'aikatan ofis mun samu har sun yi mana yawa. Masu sana'ar hannu da suke wuni a kujera ne suka yi mana wuya, kowa aka tunkara sai ya ce ba shi da lokaci. Da aka ce kowa ya kawo wanda ya sani, kai ka fara faɗo min. Shekara nawa na san ka a kan kujerar nan?

Ga wata 'yar na'ura a cikin ambulan, ba ta kai akwatin ashana ba. A gaban cinya ake manna ta da filasta. Ba ta sa ciwo, ba ta jin magana, ba ta ɗaukar hoto. Lissafinta kawai awa nawa ka zauna, awa nawa ka motsa. Bayan sati biyu ka ba Dogo ya dawo min da ita. Akwai takardar yarda, ka karanta, in ka amince ka sa hannu. Kada ka canza komai, ka yi rayuwarka yadda ka saba.

In ba ka so, wallahi ba komai. Amma in ka yarda ka fitar da ni kunya.

Ka gaida Yaya in kun yi magana, da jaririnta.

'Yarka

17 ga Maris

'Yar Kawu,

Wa alaikis salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai bayan nan da yake ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Allah ya sa albarka a aikin, ya sa a riƙe ki. Na karanta wa mai gyaran rediyo na kusa da ni har sau biyu, na ce ka ji, yarinyar da na ɗinka wa rigar makaranta tun tana zubar da majina, yau ita ce take binciken mutane.

Yanzu fisabilillahi, zama ma sai an yi masa bincike? Da kun tambaye ni da na ba ku amsa kyauta. Shekara talatin da bakwai ina kan kujerar nan, har ta ɗauki siffata, wani in ya zauna sai ya zame.

Na manna na'urar. Na sa mata suna Kaska, don tun da ta kama cinyata ba ta saki ba. Ranar farko na riƙa jin kunyarta, in zan yi hamma sai in tuna akwai baƙuwa. Ga yadda nake wuni, tunda kina son sani. Ina buɗe shago bakwai da rabi. In yanka abin da zan yanka a tsaye, wannan bai fi rabin awa ba, sai in hau keke. Daga nan taka ne har azahar. In je masallacin ƙarshen layi, in dawo, in ci abinci a kan keken, in ci gaba. Wajen la'asar in zare ya yanke min ko maɓalli, in taka zuwa kasuwa in sayo, don ban yarda wani ya zaɓar min launi ba. Magariba in rufe. Tun da mai ɗakina ta rasu, 'yata Yayarki kuma ta yi aure nesa, ba mai ce min tashi ka miƙe ƙafa, sai kyanwar maƙwabta in ta shigo.

Kika ce in fitar da ke kunya. Ke da Innarki ba ku taɓa neman wani abu a wurina ba sai wannan. Ni da Innarki kakanninmu ne wa da ƙani, amma da gobara ta cinye shagona na farko, a gidanta na kwana wata huɗu, ba ta taɓa ɗaure min fuska ba. Don haka in zama ake nema, an zo gidansa.

Ga Kaskarki nan na ba Dogo. Ki duba min, na ci jarrabawar ko na faɗi?

Kawunki Tela

24 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya. Yanzu duk ofis Kaska ake ce wa na'urar.

A gurguje nake rubutu, Dogo yana jira. Jarrabawa kam ka ba mu mamaki! Da na buɗe bayananka, sai ga shi wai kana tafiya awa tara kullum. Ashe keken ƙafa kake takawa, cinyarka tana sama tana ƙasa, ita kuma Kaska ta ɗauka hanya ka kama. Ni shaf na manta kekenka ba na wuta ba ne.

Farfesa bai ga abin dariya ba. A taron safiya ya haska shafinka a bango, ya ce wa ya kawo mana ɗan tseren gudu a cikin masu zama? Aka kwashe da dariya. Ya ce wanda bai iya zaɓen mutum ɗaya ba, ta yaya za a ba shi ɗari? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na je banɗaki na yi kukana na wanke fuska na dawo. Ya ce a sake gwada ka sau ɗaya, in ya sake fitowa a rikice a cire ka, kuma zai tuna da shi in wata shidan ya cika.

Kada ka damu, ni ce na yi sakaci. Ga wata sabuwa, wannan sati shida take ɗauka, sai ƙarshe za ka dawo da ita. Ka manna kawai, yadda ta fito shi ke nan.

'Yarka

13 ga Afrilu

'Yar Kawu,

Bayan gaisuwa, ina lafiya, ina fatan kin share hawaye. Na karanta takardarki na kasa cin abinci ran nan. A ce ni ne na sa aka tsinka ki a bainar jama'a? Ni da ƙafafuna marasa kan gado? Ina dalili!

To ki kwantar da hankalinki, Kawunki ya gyara. Mai gyaran rediyo yana da wani ɗan injin wuta na keken ɗinki da aka bar masa. Ya cire min bel ɗin ƙafa ya ɗaura shi. Yau kwana goma sha takwas ke nan ban taka keke ba. Ɗan yatsan ƙafar dama kawai nake dannawa, keken ya yi ta gudu kamar an biyo shi. Cinyar da Kaska take kai kuwa, ta hagu, na ajiye ta daram, ko gezau. Da farko ƙafar ta riƙa neman takawa da kanta, shekara talatin da bakwai ba wasa ba, sai na sa mata tsohon dutsen guga a kanta don ta tuna.

Ban tsaya nan ba. Kasuwa na daina zuwa, na sayo zare na wata biyu gaba ɗaya. Yankan ma na jawo tebur kusa ina yi a zaune. Salla ina yi a nan cikin shago. Na san kin ce kada in canza komai, amma wannan kafin a gano ƙafata tana ɓata miki aiki ne. Wannan karon in ya haska ni a bango, zai ga zama na gaske. Ki ce masa kwas ɗin zama a wurina ake yi.

Aiki har ya fi sauri, riga shida nake gamawa a rana maimakon huɗu. Abu ɗaya ne, sharaɓar hagun ta ɗan kumbura kwana huɗun nan, ta yi suntum, wandon ma da ƙyar yake wucewa. Ta yi ɗumi, tana zugi in na sauke ta. Ina jin fushi take an raba ta da sana'arta. Mai gyaran rediyo yana murza min ita da man zafi safe da yamma, hannunsa kamar filaya, har ƙwalla nake yi. Ya ce iska ce ta taru, da tausa za ta watse.

Saura sati uku da 'yan kwanaki. Zan riƙe.

Kawunki Tela

16 ga Afrilu

Kawu,

Don girman Allah ka ajiye duk abin da kake yi ka karanta wannan. Gaisuwar ma daga baya.

Ka tafi asibiti YAU. Ba gobe ba, ba in ka gama rigar da ke hannunka ba. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo bayan dogon zama, wannan shi ne abin da muke karantawa kullum a ofis. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya ya yi guda. Kada a sake murza ta! Ka ce wa mai gyaran rediyo ya cire hannunsa. Tausa tana iya ɓalle gudan ya bi jini ya tafi huhu, kuma in ya je can yana kashe mutum. In ka ji numfashinka ya yi sama-sama ko ƙirji ya soke ka, kada ka taka da ƙafa, a ɗauke ka a mota.

Kawu, me ka yi haka? Takawar nan ita take tura jinin ƙafarka sama duk shekarun nan. Ita ta tsare ka. Mu muna auna zama ne don mu gano yadda za a raba mutane da shi, ba wanda ya ce a ƙara. Ban ba ka labarin Farfesa don ka gyara komai ba, na faɗa ne don ba ni da wanda zan faɗa wa. Da na san haka za ka ɗauke shi, da na haɗiye abina.

Ka ɓalle Kaskar ka jefar. Aikin ya tafi duk inda zai tafi. Ka yi haƙuri da rubutun. Na kira wayarka ta fi sau ashirin. Dogo ya yi min alkawari jibi takardar nan tana hannunka.

Ka aiko min da abin da likita ya ce.

'Yarka

29 ga Afrilu

'Yar Kawu,

Ina gaisuwa. Shiru, shiru. Sati biyu ke nan da ɗoriya da na rubuto miki, ban ga takardarki ba, ban ga Dogo ba. Wannan wani mai kawo min ɗinki ne zai bi ta wajenku na ba shi.

Na yi ta juya abin a raina. Na ce ko fushi kike, don na yi abu ban tambaye ki ba. Ko kuma mutumin ya riga ya sallame ki kina jin nauyin faɗa min. In na farkon ne, ki yi haƙuri, tsufa ne. In na biyun ne, ki ce masa ya jira ya ga wannan tukuna. Ban karya ba ko sau ɗaya. Har kwana nake yi wani lokaci a shagon don kada tafiyar gida ta shiga lissafi.

Lafiya da sauƙi. Ƙafar tana nan, kumburin ya hau har gwiwa, na farke ɗinkin wandon na ƙara masa ƙyalle. Tela ba ya rasa dabara. Sallar ma yanzu a zaune nake yi. Abin da ya fi damuna haki. Jiya na miƙe in ɗauko almakashi a ƙusa, taku uku, sai da na dafa bango kamar wanda ya yi gudu. Akwai wani abu da yake soka ta a haƙarƙarin dama in na ja numfashi. Mai gyaran rediyo ya ce mu je asibiti, na ce saura kwana takwas, in na je za su tuɓe ni su ɓalle Kaska, wahalar wata guda ta tashi a banza. Ya yi ta faɗa, ni kuma kin san kunnena, abin da na ga dama nake ji.

Ban gaya wa Yayarki ba, tana fama da jariri, ga nisa.

Ko layi biyu ne ki rubuto. Ba na jin daɗin shirun nan.

Kawunki

5 ga Mayu

'Yar Kawu,

Sallama daga gadon asibiti. Rubutun zai karkace, akwai allura a bayan hannuna da robar iska a hanci.

Kin tayar da duniya. Ranar da takardata ta same ki kika kira Yayarki, ita ta kira mai gyaran rediyo, kafin in ankara an cicciɓe ni an sa a mota kamar buhu. Ita ma ta iso jiya da jaririn. Likita ya ce gudan jini ne, wani ya riga ya ɓalle ya shiga huhu. Ya tambaye ni me ya sa na zauna da shi haka, na ce aiki ne. Ya girgiza kai. Suna ba ni maganin tsinka jini, sun ce a jira a gani.

Yau da safe sai ga Dogo har gado, yana ta rantse-rantse. Motarsa ce ta lalace a hanya, ta yi sati biyu da rabi a gareji, takardarki tana cikin aljihun gaban motar. Na karanta. Sau uku na karanta.

Ashe ba fushi kike ba. Wallahi wannan ya fi min maganin da suke ɗura min.

Ashe kuma shirme na yi. To, an yi. Kada ki ɗora wa kanki, ke cewa kika yi kada in canza komai, ni ne na ga na fi ki wayo. Ban faɗa wa Yayarki dalilin injin ba, na ce mata gajiya ce ta sa. Ki bar shi a haka.

Kaskar ba a jefar ba. Da za su cire na ce wa ma'aikaciyar jinya ta sa min a ambulan, ga ta nan. Kwana huɗu ne kawai suka rage ba ta cika ba. Ki kai wa Farfesan. Tunda an riga an sha wahalar, a ci moriyarta.

Kada ki taso yanzu, ki tsaya a bakin aikinki. Ƙarshen wata kya zo, lokacin na koma shago. Na ce a mayar min da bel ɗina.

Kawunki

26 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, ina ƙara yi mana ta'aziyya. Ya ƙarin haƙuri? Ya jaririn? Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Na iso lafiya.

Kwana biyar na yi a wurinki, kullum ina cewa yau zan faɗa miki, in na kalli fuskarki sai in fasa. Kawu ya ce in bar shi a haka. Na gwada, na kasa.

Ba gajiya ce ta sa ya ɗaura wa kekensa inji ba. Saboda ni ne. Na sa shi a binciken ofishinmu, takawar kekensa ta rikita na'urar, shugabana ya ci min fuska, ni kuma na kwashe duka na rubuta masa. Shi ne ya daina takawa, ya daina zuwa kasuwa, ya kafe ƙafarsa wuri ɗaya fiye da wata guda don a ce na iya aiki. Takardunsa suna wurina, in kina so in aiko miki.

Na kai na'urar ofis don Kawu ya ce in kai. Ban faɗa wa kowa yadda aka yi ba. Farfesa ya haska shafin a bango, layi ɗaya miƙe, awa goma sha shida, goma sha bakwai, kullum. Ya ce tun da aka fara binciken ba a kawo masa bayani mai tsabta irin wannan ba. Ya ce a tafa min. Aka tafa, Yaya. Ina zaune aka tafa.

Bayan taron na bi shi ofis na faɗa masa gaskiya. Ya cire tabarau, ya yi min ta'aziyya. Ya ce dole a kai rahoto ga masu sa ido a kan binciken, za a kira ni in yi bayani. Sannan ya ce tunda mutumin ya canza rayuwarsa saboda na'urar, bayanan ba su da amfani, sai an cire su. Ni ce mai shigarwa, don haka ni ce mai cirewa. Kwana talatin da takwas na zaman Kawu, da yatsa ɗaya na fitar da su. Ko za su riƙe ni ko ba za su riƙe ni ba, ban tambaya ba.

Saura abu ɗaya, shi ya fi nauyi. Tun ranar sha shida ga Afrilu na san ƙafarsa ta kumbura, kuma na san abin da hakan yake nufi, aikina ke nan. Na rubuta masa takarda na ba direba. A ranar na ɗauki waya zan kira ki har sau uku, ina ajiyewa, don in na kira sai na faɗa miki dalilin injin, kuma na ji kunya. Na ce takarda ta isa. Da na ji shiru, na ce ai yana asibiti ne. Ban bincika ba, don ina tsoron abin da zan ji. Lokacin gudan bai kai huhu ba.

Ranar da mutane suka cika gidan, kin riƙe hannuna kin ce musu ba don kiran da na yi ba, da ba ki same shi da rai ba. Kwana goma sha shida na yi ina riƙe da kiran nan.

Yanzu kin sani. Duk abin da kika yanke a kaina na karɓa, in kin ce kada in ƙara taka gidanki ba zan taka ba. Amma don Allah ki daina gode min.

Ƙanwarki